Ciwon kwankwaso mai sauka ƙafa: jijiya ce, motsi take so

 

Yau ba zancen taki na zo maku da shi ba, ba kuma na tsutsar tumatir ba. Zancen bayanku ne. Ku yi mani haƙuri, na san ni malamin gona ne, ba lokotoro ba. Amma yawon da nake yi cikin gandari ya nuna mani wani abu. Sau da yawa in ka ga fangali ya bushe, ba ƙwari ba ne, ba famfo ne ya lalace ba. Mai fangalin ne ke kwance gida, ƙafa ta hana shi tashi. Ruwa kuwa ba ya jiran marar lafiya. In ranar layinka ta zo ba ka nan, ta wuce ke nan. In an kwashe amfani kuma, kwabratif za ta nemi kuɗin ruwanta, ko ka yi ban ruwa ko ba ka yi ba, don lantarkin da ke tuƙa famfunan ba kyauta ake ba da shi ba.

Tun farkon shekarun 1980 da anka buɗe gandarin Jiratawa, fili mai ekta sama da 500 a gulbin Maraɗi, hutun rani ya ƙare garemu. Dā manomi yana duƙe wata huɗu ko biyar, sannan baya ya huta. Yanzu damana da rani duk duƙe muke: dashe, cirar haki, ban ruwa, tsinkar zogale, ɗaukar buhu. Arziki ne, mun gode Allah. Sai dai baya yana biyan nashi kuɗin. Ba mu kaɗai ba ne kuma. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon kwankwaso, kuma babu ciwon da ya fi shi hana ma mutane aiki.

Wanda nake nufi yau shi ne mai sauka ƙafa. Kun san shi. Yana farawa daga kwankwaso, ya bi ɗuwawu, ya bi bayan cinya, ya sauka sharaɓa, wani lokaci har diddige ko yatsu. Galibi ƙafa guda yake kamawa. Wani ya ce kamar wuta, wani ya ce kamar lantarki ya ja shi, wani ya ce kamar kiyashi na tafiya bisa fatarshi. In an yi tari ko atishawa sai ya soka. Zama bisa kujera ko bisa moto ya fi tsayuwa wuya. Wasu wajen ruku'u suke fara gane shi.

Ni ma na sha shi. Shekara uku ke nan, na sauke buhun taki mai kilo 50 daga amalanke, na juya da shi ƙafafuna na kafe wuri guda. Na ji wani abu a kwankwaso, na ce ba komi. Bayan kwana uku ciwon ya gangara ƙafar hagu. Sai na yi abin da kowa ke yi: na kwanta kwana takwas, ina shan ƙwayoyin mai talla. Ranar da na tashi na fi ranar da na kwanta lalacewa. Daga nan na tafi Maraɗi, anka tura ni wurin kine, wato ma'aikacin lafiya mai jinya da motsa jiki, wanda ƴan'uwanmu na Najeriya ke ce ma mai gashin ƙashi. Abin da ya koya mani, da abin da na karanta daga baya, shi na kawo maku. Ku da kunka yi yaƙi da jahilci, ku karanta ma waɗanda ba su samu yi ba.

Jijiya iri uku ce

Mu Hausawa kalma guda gare mu, jijiya, amma abu uku muke kira da ita. Wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya gan su. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu cikinta kamar ruwa cikin tiyo. Akwai mai tauri wadda ke ɗaure nama ga ƙashi, irin agara da ke bisa diddige. Ta ukun ita ce tamu ta yau. Fara ce kamar igiyar auduga, kuma saƙo ke bi ta cikinta. Tushenta laka, wadda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa cikin ramin ƙashin baya. Ita ke kai ma ƙafa umurni ta taka, ita ke komowa da labari in ƙaya ta soke ka. Bari mu ce mata jijiyar laka.

Mu mutanen wannan yanki mun san aikinta ko da ba mu san sunanta ba. Asibitin Danja na nan kusa da mu, an san shi da jinyar kuturta tun shekarun 1950. Kuturta jijiyar laka take ci, ta hannu da ta ƙafa, shi ya sa mai ita ke taka garwashi bai ji ba. Ciwon da muke magana ba kuturta ba ne, babu abin da ya haɗa su, ba a kuma ɗaukar shi. Na kawo misalin ne don ku ga cewa ji da ƙarfin ƙafa duk a hannun wannan jijiya suke.

To, daga ina ciwon ke fitowa? Ƙashin baya ba sanda guda ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne anka jera bisa juna. Biyar na ƙasa, na kwankwaso, su ke ɗauke da nauyin jiki. Tsakanin kowane biyu akwai ɗan gammo. Bakinshi tauri gare shi, cikinshi laushi. In ka duƙa, gaban gammon ya matse, laushin ciki ya turo baya. Shekara da shekaru, ko ɗauka guda mai nauyi da juyi, sai bakin ya tsage, laushin ya leƙo waje. Nan kusa kuwa saiwar jijiya take fitowa daga ƙashi. Abin da ya leƙo ya danne ta, ya kuma sa ta kumbura, tana zafi kamar idon da barkono ya shiga.

Saiwoyi biyar ke haɗuwa daga kwankwaso da ƙashin da ke ƙarƙashinshi, su zama jijiya guda. Ita ce babba cikin jikin mutum, ita ce kuma mafi tsawo. A ɗuwawu kaurinta ya kai babban yatsan hannu. Da Faransanci sunanta siyatik, shi ne sunan da za ku ji a gidan likita. Likitoci sun daɗe da sanin ciwon, amma sai a 1934 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, Mixter da Barr, sunka nuna a fili cewa gammon nan ne ke danne saiwar.

Kun ga ke nan, ƙafa ke kuka amma a baya ake dukan. In ruwa bai kai ƙarshen fangali ba, ba ƙarshen fangali ake tono ba, sai a koma bakin kanal a ga abin da ya toshe. Mai tsaga sharaɓarshi don ciwon siyatik, ƙarshen fangali yake tono.

Ga labari mai daɗi. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da an yi masu aiki ba, tsakanin mako 6 da mako 12. Kumburin yana sacewa, kuma sau da yawa jiki da kanshi yake shanye abin da ya leƙo. Kaɗan ne ke kaiwa ga wuƙa.

Ranar da ba a jira

Kafin in nuna maku motsin, ku riƙe wannan da kyau, don ya fi duk sauran muhimmanci. Akwai alamomin da in an gan su, ba motsi, ba ƙwaya, ba jiran ranar kasuwa. A nemi mota a tafi babban asibitin Maraɗi a ranar.

In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba, ko bayan gida na kuɓuce mashi. In tsakanin cinyoyi, da gaba, da dubura sun mutu, mutum na tsarki ba ya jin ruwa. In ƙafafu biyu sun kama tare suna raunana. Wannan yana nuna an danne dukan damin jijiyoyin da ke ƙasan laka. Awowi ake ƙirgawa a nan, ba kwanaki ba. In an makara, mutum na iya rasa riƙon fitsari har ƙarshen ranshi. Na san magana ce mai nauyi, dattijo ba ya son faɗa ma ɗanshi. A faɗa. Kunya ba ta kai wannan hasara ba.

Haka nan in ƙafa ta fara saki, mutum na jan ta, takalmi na fita bai sani ba, ko yatsu na tuntuɓe da ƙasa, kuma abin na ƙaruwa. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga itace, daga amalanke ko daga moto.

Akwai kuma ciwon baya mai zuwa da zazzaɓi, da gumin dare, da rama, wanda ba ya lafawa ko an kwanta. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya, har ya fitar da ƙusumbi ko ya shanye ƙafafu. Yana da magani, kuma a gidan likita na gwamnati ake ba da shi. Motsa jijiya ba ya yi mashi komi. A fara zuwa CSI a faɗi duk abin da ake ji.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ga gwajin da za ku iya yi a gida. Mai ciwon ya kwanta rigingine bisa tabarma. Ɗan'uwanshi ya kama diddigen ƙafar mai ciwo, ya ɗaga ta sannu sannu, gwiwa a miƙe. In tun ƙafar ba ta yi nisa ba ciwon nan da ya sani ya harba har ƙasan gwiwa, to, alama ce jijiya ce. In kuwa bayan cinya kaɗai ya ja bayan ƙafa ta yi sama sosai, wannan nama ne, kowa na jin haka. Likitoci na kiran wannan gwaji da sunan Lasegue, wani likitan Faransa da ya rasu a 1883. Bayan haka ya tashi ya yi taku biyar bisa diddige, ya yi biyar bisa yatsu. In ƙafa guda ta kasa, a nuna ma likita.

Wani zai ce a kai shi a yi mashi radiyo. Radiyon asibiti nake nufi, ba wadda kuke saurarenmu ciki ba. Ku sani hoton radiyo ƙashi yake nunawa. Ba ya nuna gammo, ba ya nuna jijiya. Sai manyan na'urori, sikana ko IRM, masu tsada. Galibi a makonnin farko ba a bukatar ko ɗaya. Kada ka saida akuya don hoto sai likita ne ya ce a yi.

Zariya cikin ƙubaka

Yanzu ga ainihin maganar. Jijiyar laka ba a manne take da nama ba. Zamewa take yi cikin hanyarta, kamar zariya cikin ƙubakar wando. In ka duƙa, ramin ƙashin baya yana ƙara tsawo da santimetir da dama. In ka miƙe gwiwa, hanyar bayan cinya ta ƙara tsawo. Jijiya ba roba ba ce, ba ta talewa da yawa, dole ta zame ta bi. Wani likitan Suwidin mai suna Alf Breig ya yi bincike mai zurfi bisa wannan, littafinshi ya fito a 1978. Kine na ƙasar Ostareliya sunka ɗauki abin sunka mai da shi hanyar jinya. Littafin ɗaya daga cikinsu, David Butler, na 1991, shi ya baza ta cikin duniya.

Ɗauki wandonka ka gwada. Ja bakin zariya na dama, ka saki na hagu: ta zame. Ja na hagu, ka saki na dama: ta komo. Yanzu ja duka biyu lokaci guda. Ba ta zame ba, ta ɗaure tamau. To, jijiyar siyatik ma baki biyu gare ta. Ɗaya yana sama, wajen kai da wuya, tunda da laka take haɗe. Ɗaya yana ƙasa, wajen ƙafa. In ka sunkuyar da kai, ka ja bakin sama. In ka miƙe gwiwa ka tanƙwaro yatsu wajenka, ka ja bakin ƙasa. In ka yi su tare, ka ja duka biyu, jijiya mai kumburi kuwa ba ta son haka. Abin da ake so shi ne a ja ɗaya a saki ɗaya.

Me zamewar ke yi? Jijiya ma tana da ƙananan hanyoyin jininta, tana ci tana sha. In ta kumbura ta zauna wuri guda, jini ba ya zagaya ta da kyau, sai ta ƙara fushi, abu kaɗan ya taɓa ta ta yi ihu. Motsi mai sauƙi yana taimaka ma jini ya zagaya, kumburi ya ragu, ta sake sabawa da tafiya. Shi ya sa kwana takwas ɗin nan da na yi kwance bai amfane ni ba. In ciwo ya yi tsanani a kwanta kwana ɗaya ko biyu, da matashi ƙarƙashin gwiwoyi, ko a kwanta bisa gefe da matashi tsakaninsu. Bayan haka a tashi a riƙa takawa.

Motsi na farko a kwance ake yin shi, shi ne na masu ciwo sabo. Kwanta rigingine bisa tabarma. Lanƙwasa gwiwar ƙafar mai lafiya, tafin na ƙasa. Ɗago cinyar mai ciwo, ka riƙe bayanta da hannu biyu. In hannu bai kai ba, sa rawani ko zane. Cinyar ta tsaya nan, kada ta motsa. Yanzu miƙe gwiwa sannu sannu, yatsun ƙafa na nuna nesa da kai. Da ka fara jin ja, tsaya nan, kada ka ƙara. Sai ka lanƙwaso gwiwar, kana tanƙwaro yatsu wajenka. Ɗaya ke nan. Ba a riƙewa a sama, tafi da komo ne, kamar mai lilo da jariri. Ranar farko yi biyar kaɗai.

Na biyu a zaune, bayan kwana kaɗan in na farko bai tada ciwo ba. Zauna bisa benci ko kujera mai tsawo, ba ƴar kujerar tsakar gida ba. Baya a miƙe, ba a ƙame ba. Miƙe gwiwar ƙafar mai ciwo, a lokaci guda ka ɗaga kai kamar mai duban hadari. Sannan ka sauke ƙafar, kana sunkuyar da kai haɓa ta nufi ƙirji. Ƙafa sama, kai sama. Ƙafa ƙasa, kai ƙasa. Ku haddace wannan, don in an juya shi, ƙafa sama kai ƙasa, an ja zariya ta baki biyu ke nan. Ni da kaina na yi wannan kuskure kwana biyu, na kwana ban yi barci ba. Da na koma wurin kine ya dube ni ya yi dariya, ya ce ɗan lise ma bai iya bin umurni ba.

A fara da biyar, a kai goma, har goma sha biyar in jiki ya karɓa. Sau biyu ko uku a yini ya isa: da hantsi, bayan azahar, bayan lisha. Minti biyu ne, ba ya hana aiki.

Ga ma'aunin da za ku auna da shi. Ɗan ja kaɗan ba laifi. Amma motsin bai kamata ya harba ciwo ƙasa ba, kuma abin da ka ji ya lafa cikin ƴan mintoci. In ya kai ka dare, ko ka tashi da safe ya fi jiya, ka yi yawa. Rage lamba, rage nisan miƙewa, ko ka huta kwana guda. Mu manoma mun saba da cewa aiki sai da wahala, in bai yi zafi ba bai yi ba. Nan wurin ba haka ba ne. Jijiya lallashi take so. Wanda ya ce bari in yi ɗari in warke da wuri, shi zai fi daɗewa.

Ku kuma lura da inda ciwon ya tsaya. In dā yana kai diddige, yanzu ya tsaya sharaɓa, gobe bayan gwiwa, to, yana komawa gida, alama ce mai kyau ko da kwankwason ya ɗan ƙara ciwo. In kuwa yana ƙara gangarowa, ko mutuwar fata na ƙara faɗi, a dakata a nemi ma'aikacin lafiya.

Ba zan yi maku ƙarya ba. Motsin nan ba ya mai da gammo wurinshi, ba kuma kowa yake yi ma aiki ba. Gwaje-gwajen da anka yi sun nuna yana rage ciwo, yana kuma sauƙaƙa tafiya da aiki ga mutane da yawa, musamman in an haɗa shi da tafiya a ƙasa da sauran motsa jiki. Taimako ne ga jiki yayin da yake gyaran kanshi. Wanda ya samu halin zuwa Maraɗi, ya fi kyau kine ya nuna mashi da hannu ko sau ɗaya ne, sannan ya ci gaba a gida. In an yi mako shida babu wani sauƙi, a koma likita.

Ƙwaya, allura da ƙaho

Tramol ba ya warkar da jijiya. Rufe mata baki yake yi. Saurayi ya sha da safe ya shiga fangali, ya yi aikin mutum biyu bisa bayan da ke roƙon a sassauta mashi. Kwana kaɗan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai huɗu. Mun ga waɗanda ta kayar suna shure-shure kamar masu farfaɗiya. Ciwon ƙafa ya wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. Diklofenak da ibuprofen suna rage kumburi, amma na ƴan kwanaki ne, bayan an ci abinci, kuma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadi. In an daɗe ana sha suna huda ciki, suna lalata ƙoda, balle ga mai aiki cikin rana yana zufa bai sha ruwa ba. Mai gyambon ciki da mace mai ciki su nisance su.

Allura kuwa, ku ji da kyau. Jijiyar nan ta tsakiyar ɗuwawu take bi. Wanda ya koyi aikin ya san kusurwar da ake sokawa, can sama ta waje, nesa da ita. Mai yawo da jaka bai sani ba. Yara da yawa a ƙasashenmu sun samu ƙafa mai saki don an soka masu allurar kinin inda bai kamata ba. Kada ka kai ma jijiya mai ciwo allurar da za ta ƙarasa ta.

Wanzamanmu mutanen kirki ne, ba na raina sana'arsu. Amma ƙaho da tsaga fata suke taɓawa, saiwar kuwa na can cikin ƙashi. Lalas ya fi haɗari, don fatar da ta mutu ba ta jin ƙuna, sai gyambo ya zauna, ga tsoron tetanos ga mai shiga taɓo da taki. Sa yaro ya tattaka baya ma a bari. Tsumma mai ɗumi bisa kwankwaso da tausa mai sauƙi, waɗannan ba laifi, suna sassauta nama.

Komawa fangali

Kada ka jira sai ciwo ya tafi ƙaf kafin ka fita. Fara da tafiya bakin kanal, minti goma, safe da marece, kana ƙarawa. Ranar ruwa je ka tsaya, ka buɗe ka toshe, yaro ya yi mai duƙawa. Da sassafe gammon baya ya fi cika, don ya sha ruwa cikin dare, shi ya sa duƙawa mai nauyi da an tashi barci ta fi haɗari. A bar ɗaukar kaya sai jiki ya warware.

In ka koma cirar haki, kada ka yi fangali uku a duƙe ba ka ɗago ba. Ƙarshen kowane layi miƙe tsaye, sa hannu biyu a kwankwaso, ka ɗan karkata baya sau uku. Ga yawancin matasa wannan yana da daɗi. Tsofaffi kuwa wasu akasin haka suke: tsayuwa da tafiya ke sa ƙafafunsu nauyi, in sun zauna ko sun ɗan duƙa sai su ji sauƙi. Su hanyar jijiyar ce ta ƙuntata da shekaru, kada su tilasta karkatawa baya. Inda aiki ya yarda, a sa ma hauya dogon ƙota, kamar yadda mutanen arewa ke noman tudu a tsaye. Wajen dashe a durƙusa bisa gwiwa guda, a riƙa sauyawa.

Buhu mai kilo 50 na mutum biyu ne. In kai kaɗai ne, raba shi biyu, ba wanda zai rage maka daraja. Matso kusa da kaya, lanƙwasa gwiwa, rungume shi ga ciki, ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, juya da ƙafafu, kada ka murɗa ƙugu. Murɗawar nan ita ta kayar da ni.

Iyayenmu mata, maganar nan taku ce ku ma. Daka, jan guga, goyo, tsinkar zogale da ɗaukar shi zuwa kasuwa, duk bisa kwankwaso suke sauka. Motsin nan biyu ana yin su cikin ɗaki, ba sai kowa ya gani ba. Mai ciki ta fara tambayar ungozomar likita ranar awo, kuma in cikin ya tsufa ta yi na zaune, kada ta daɗe kwance rigingine.

Shugabannin rukuni na kwabratif, ina roƙonku ku tada maganar nan a taro. In an san wane na kwance, maƙwabcin fangalinshi ya karɓi layin ruwanshi na mako biyu ko uku, shi ma ranar tashi a rama mashi. Gayya ba sabon abu ba ne garemu.

Abu na ƙarshe, tunda kun iya rubutu. Nemi takarda, ka ja layi uku. Layin farko rana. Na biyu inda ciwon ya tsaya yau: diddige, sharaɓa, gwiwa, cinya ko ɗuwawu. Na uku motsi nawa ka yi. Kowane dare cika layi guda. Ranar da za ka CSI ko wurin kine, tafi da takardar. Mai tambaya kuma ya rubuto, ya ba malamin gona na rukuninsu ko shugaban kulob ɗin rediyo na garinsu, za mu kai ma ma'aikatan lafiya mu karanto amsa cikin shirin manoma.